Rana Ɗaya ta Mai Kaya: Hila da Tarko a Tsaron Kwamfuta

 

Duk wanda ya taɓa tsayawa bisa gadar Wudil da sanyin safiya, tun manyan motocin da suka nufi Maiduguri ba su cika titi da ƙugi ba, ya leƙa ƙasa ya hangi masunta cikin kwalekwale suna bin ƙugiyoyin da suka ɗana tun jiya da almuru, to ya riga ya ga asalin ilmin da za mu tattauna yau, ko da kuwa bai taɓa ɗora yatsa bisa kwamfuta ba. Masunci ya san cikin ruwa kifi ya fi shi gudu, ya fi shi gani, ya fi shi sanin lunguna. Saboda haka sai ya bar tsere ya koma ga hila, ya nemo abin da ran kifi ke so ya soka a ƙugiya, ya tafi gida ya yi barcinsa, kwaɗayin kifin ya ƙarasa masa sauran aiki. Wannan dabara ita ce masana tsaron na'urori suka mai da fanni mai zaman kansa, wanda bankuna da hukumomi ke kashe dukiya a kansa, watau ruɗar da mai kutse, da ɓata masa lokaci, da katse masa hanzari tun bai kai ga abin da ya zo nema ba.

Wataƙila wani dattijo da ke zaune a bakin kara ya ce, mu da sana'armu shanu ce, ina ruwanmu da wannan? Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ai ruwanmu ne tsundum. Tun farkon shekarar 2023, sa'ad da sauya fasalin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, har dillalai da mahauta da fataken da ke lodin shanu zuwa kudu suka koma ciniki ta waya da na'urar POS, dukiyar da a da ake ƙullewa a lalita ko a cusa a aljihun 'yar ciki ta tashi ta koma cikin wayoyi da rumbunan bankuna. Al'adar duniya kuwa ita ce, inda dukiya ta sauka, nan ɓarawo ke neman masauki.

Tsaron da kowa ya sani shi ne na ganuwa. Kamar yadda magabata suka kewaye birnin Kano da badala, suka yi mata ƙofofi, suka sa wa kowace ƙofa sarkinta, haka ake kewaye kwamfutocin ma'aikata da katangar tsaro, a sa kalmar sirri, a sa manhajar kashe ƙwayoyin cuta. Wannan wajibi ne, babu mai hankalin da zai ce a bar shi. Sai dai yana da naƙasa guda wadda ta daɗe tana hana ma'abota wannan aiki barci, ita ce mai gadi dole ya tsare kowace ƙofa, kowane dare, ba tare da gafala ba, alhali ɓarawo ƙofa ɗaya kurum yake bukata, a dare ɗaya, ko da kuwa ta hannun wani akawu ne da ya buɗe saƙon da bai kamata ya buɗe ba. Ƙari a kan haka, na'urorin gargaɗi sukan yi ta kururuwa ba dare ba rana, akasarinta ba bisa haƙiƙa ba, har kunnen mai gadi ya saba, ranar da ɓarawon gaske ya hauro ya zamana ihunsa ya nutse cikin ihun banza.

To amma ku lura da halin ɓarawo bayan ya dira cikin gida. A waje shi ne gwani. A ciki kuwa baƙo ne cikin duhu, bai san wane ɗaki ne turaka ba, wane ne rumbu, wace tukunya ce ta hatsi, wace ce ta toka, sai ya laluba, sai ya taɓa. Mai gida shi ya san kayansa. Idan kuwa mai gidan ya ajiye wata tukunya wadda babu wani ɗan gida da ke da hujjar taɓa ta, ya ɗaura mata ƙararrawa a gindi, to ranar da ƙararrawar ta kaɗa ba sauran zato ko shubuha, yaƙini ne akwai baƙon hannu a gidan. A ganina wannan ita ce fa'ida mafi girma ta fannin duka, domin ta juyar da nauyi daga wuyan mai gida zuwa wuyan ɓarawo: yanzu shi ne zai yi daidai a kowane taku, kuskure ɗaya ya tona masa asiri. Turawa suna kiran kwamfutar ƙarya da aka ajiye domin irin wannan aiki tukunyar zuma, mu kuwa da muka tashi a bakin kogi muna iya kiranta ƙoto.

Bari in ba ku labarin da ake ɗauka a matsayin mafarin al'amarin, gama yana da darasi ga duk wanda ke riƙe da littafin lissafin wani. A shekarar 1986, a ɗakin binciken kimiyya na Lawrence Berkeley da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll wanda aka mayar sashen kula da kwamfutoci. A wancan zamanin haya ake biya gwargwadon lokacin da mutum ya yi yana aiki da na'ura, sai aka tarar lissafi ya ƙi cika da santi 75, abin da bai kai dala ɗaya ba, aka ce ya duba. Da wani ne da ya cike giɓin ya wuce, amma shi ya bi diddigi, har ya gane wani ne daga waje ya shigo ya naɗa wa kansa sarautar mai gida, yana kuma ratsawa ta nan yana shiga kwamfutocin sansanonin sojan Amurka. Maimakon ya rufe ƙofa, wanda da ya yi haka da ɓarawon ya koma ta wata kafa da ba a sani ba, sai ya bar ta a buɗe, ya jona na'urori masu buga rubutu ga layukan wayar da ke shigowa, ta yadda duk harafin da baƙon ya danna sai ya fito bisa takarda. Idan kuwa ya ga mutumin ya kama kwasar wani abu mai haɗari, sai ya ɗauko makullansa ya goga su a jikin wayoyin, layi ya cika da hayaniya, saƙo ya lalace, mai kutsen ya zaci lalurar layi ce kurum.

Sawu ya kai su har Jamus ta Yamma, amma a nan magana ta cije, domin na'urorin gidan waya na can tsofaffi ne, sai ma'aikaci ya bi layi da hannu, aikin da ke cin sa'a guda ko fiye, shi kuwa baƙon 'yan mintoci yakan yi ya fita. Sai Stoll da abokiyar zamansa suka zauna suka ƙaga wani ofishi da babu shi a duniya, suka cika shi da takardun ƙarya masu kama da na gwamnati a kan shirin kare Amurka daga makamai masu linzami wanda Shugaba Reagan ya shelanta a 1983. Da mutumin ya ci karo da wannan gara, kwaɗayi ya zaunar da shi yana kwasa, har aka bi layin zuwa wani gida a birnin Hanoba. Sunansa Markus Hess, kuma ya tabbata shi da abokansa suna sayar da abin da suka samu ga hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, watau KGB. A 1990 kotu ta same shi da laifi. Daga nan fannin ya yi ta bunƙasa, har a 1999 Lance Spitzner da abokansa suka kafa ƙungiya musamman ta masu ɗana irin waɗannan tarkuna suna nazarin ɗabi'un masu faɗa musu.

Kada wani ya zaci sai mai babbar ma'aikata ke iya wannan. Na san wani dattijo mai shagon tireda, Allah ya jiƙansa, wanda ya ga ciniki yana tafiya amma akwatin kuɗi ba ya cika, kuma ya ji tsoron Allah kada ya tuhumi yaransa bisa zato. Sai ya ɗauki takardar kuɗi ɗaya ya yi mata ɗigon tawada a kusurwa, ya sa ta a ƙasan akwatin inda ba a ɗaukar canji, ya yi shiru. Bayan kwanaki takardar ta dawo masa da kanta, a hannun wanda ya zo sayen sukari da ita, bai daki kowa ba, bai rantsar da kowa ba, bayyina ta fito. Irin wannan takarda mai alama akwai ta a kwamfuta. Wani kamfani na Afirka ta Kudu mai suna Thinkst, wanda Haroon Meer ya kafa, yana ba da ita kyauta da sunan Canarytokens, an kuwa ɗauko sunan daga tsuntsun kanari, irin wanda samarinmu ke kiwo a keji, domin masu haƙar kwal a Ingila sukan shiga da shi rami har zuwa 1986, in iska mai guba ta taso shi ke fara jigata, mutane su gudu. Ma'aikacin ofis zai iya ƙirƙirar takarda ya sa mata suna mai jan rai, alal misali albashin manyan ma'aikata ko lambobin sirri na asusu, ya ajiye ta inda ba mai aikin halal da zai buɗe, duk ranar da aka buɗe ta kuwa saƙo ya iske shi nan take. Haka kuma ana iya buɗe asusu da sunan ma'aikacin da ba a taɓa haifa ba, duk wanda ya gwada shiga da sunan ya shaida kansa da kansa.

A nan lalle mai sauraro Musulmi zai tsaya ya yi tambaya, kuma tambayar tana bisa ƙa'ida: ashe ƙarya da yaudara ba haram ba ne? Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe abubuwa biyu da jahili kan haɗa. Akwai ha'inci da warware alkawari da cin amanar wanda ya amince da kai, wannan haram ne ko a kan maƙiyi. Akwai kuma hila ga wanda ya zo maka da ta'adi, wadda Shari'a ta yi rangwame a kanta. Masu karatun Sira sun san cewa a daren hijira Sayyidina Aliyu, Allah ya yarda da shi, ya kwana bisa shimfiɗar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, masu kwanto a ƙofa suna leƙe suna zaton mai shimfiɗar na nan. Kuma aka nufi kogon Saur da ke kudu da Makka alhali Madina a arewa take, aka yi kwana uku a can, Amir ɗan Fuhaira yana koro tumaki bisa sawun masu kai labari domin ɓad da shi. A yaƙin Handaƙ kuma, shekara ta 5 bayan hijira, an haƙa rami bisa shawarar Salmanul Farisi, sa'an nan Nu'aimu ɗan Mas'ud, wanda maƙiya ba su san ya musulunta ba, ya shiga tsakanin rundunonin taron dangi ya raba kansu har suka daina amincewa da juna. Allah ya tsare mu da daidaita waɗannan al'amura masu daraja da sha'anin na'ura. Abin nufi shi ne magabatanmu sun haɗa tawakkali da dabara, sun kuma san haddin da dabarar ke tsayawa. Tarkon da ka ɗana cikin gidanka bai yaudari kowa ba sai wanda ya hauro katanga. Amma ranar da ma'aikata ta juya wannan hila ga abokan cinikinta, ta ɓoye musu cewa an sace bayanansu, ko shugaba ya riƙa ɗana wa talakawan ma'aikatansa tarko yana tura su gare shi domin ya sami hujjar korarsu, to an fita daga tsaro an shiga zalunci.

Aikin Nu'aimu ya kawo mu ga rabi na biyu na maganar, watau wargaza shirin maƙiyi. Wani lokaci jinkiri kawai ya isa. A 2001, da wata cuta mai suna Code Red ta bazu tana ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet, wani mai suna Tom Liston ya rubuta manhajar da ke amsa sallama daga adireshin da babu kowa cikinsa, sa'an nan ta riƙe baƙon tana ce masa dakata, dakata, ba ta sake shi ba, tamkar saniyar da ta kafe a laka a bakin kogi da damina. Wani lokaci kuwa a tsinke igiyar da ke tsakanin cutar da ubangidanta. Ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, ana tsakiyar cin kasuwa a nan Wudil, wata annoba mai suna WannaCry ta faɗa wa kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana kulle bayanai tana neman fansar dala 300, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Marcus Hutchins, yana zaune a ɗakinsa a gidan iyayensa, ya binciki cikin cutar ya ga tana neman wani dogon adireshi da ba wanda ya mallaka. Ya yi rajistarsa da dala 10 da santi 69, ashe an gina ta ne bisa sharaɗin in adireshin ya amsa ta tsaya, sai kuwa yaɗuwarta ta lafa.

Mafi nauyin wannan aiki na hukuma ne. A Janairun 2021 'yan sandan ƙasashe 8, cikinsu har da Jamus da Holan da Yukiren, suka ƙwace rumbunan da ke ba wa cutar Emotet umarni, suka aika wa kwamfutocin da ta kama da saƙo ta hanyar da iyayen gidanta ke bi, wanda ya sa ta tuge kanta ranar 25 ga Afrilu na shekarar. A nahiyarmu ma, cikin Satumba da Oktoban 2024, hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol da takwararta ta Afirka suka gudanar da samamen Serengeti a ƙasashe 19, aka kama mutum 1,006. Na ambaci hukuma da gangan, domin mutum ya bi ɓarawo har gidansa ya kutsa masa na'ura da sunan ramuwa, wannan dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ba ta ba kowa wannan izini ba. Kuma sau da yawa na'urar da aka kawo maka hari da ita ta wani bawan Allah ce da aka sace wa linzami bai sani ba, in ka rama a kansa ka zalunci wanda aka riga aka zalunta.

Shi kansa tarkon yana da sharuɗɗa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Ƙoton da ya cika kyau, ko kwamfutar da babu alamar an taɓa aiki da ita, gogaggen mai kutse zai shinshina ya kauce. Sun kuma ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, domin kwamfutar ƙarya da ba a killace ta da kyau ba takan zama tsani, ɓarawo ya taka ta ya hau na gaskiya. Kuma dole a sami wanda kunnensa ke kan ƙararrawa, gama masuncin da ya ɗana ƙugiya ya yi mako bai leƙa ba, ruɓaɓɓen kifi zai tarar.

Kai kuwa ɗan'uwa da ba ka da ofis sai waya a aljihu, rabonka na wannan ilmi shi ne jinkiri da raba ƙafa. Ɗan damfara jarinsa gaggawarka ce. Shi ya sa yake kira yana cewa daga banki yake, za a rufe asusunka yanzun nan in ba ka karanto lambar da aka turo maka ba, ko ya ce lambar nan mai ƙwaya 6 ta WhatsApp ta shiga wani taro ce. Kashe wayar, ka kira lambar da ke bayan katinka ko ka taka da ƙafarka zuwa banki, minti goma na haƙuri sun rushe masa shirin mako guda. Asusun da ke haɗe da wayar da kake yawo da ita a kasuwa ya zama ƙaramar lalita, babban jari yana wani wuri dabam. Ranar Juma'a kuma, in mai saye ya nuna maka alat a fuskar wayarsa, ko saƙo ya shigo taka, kada ka saki igiyar sa sai ka duba cikin asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna.

Saura ku, 'ya'yana ɗalibai. Allah ya haɗa wa garin nan abin da garuruwa da yawa ba su samu ba: ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Dangote, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda ta ƙasa, wadda ta soma ba da digiri bayan ɗaga darajarta a 2012. Mai koyon gina tarko da mai koyon bin sawu har gaban alƙali suna shan ruwan kogi ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma babban burina in ga sun zauna bisa tabarma ɗaya. Ina kuma tuna muku cewa shi wancan saurayi da ya tsai da WannaCry, watanni uku bayan duniya ta yaba masa aka kama shi a Amurka saboda wata muguwar manhajar satar bayanan banki da ya taimaka aka rubuta a shekarun baya, ya kuwa amsa laifinsa a 2019. Abin da hannu ya rubuta a ƙuruciya yana nan yana jira. Ku nemi iznin malamanku, ku ɗauko tsohuwar kwamfuta da ba kowa ke bukata ba, ku raba ta da sauran na'urorin makaranta, ku sa mata manhajar tarko, irin waɗanda ake samu kyauta, ku buɗe mata ƙofa zuwa intanet. Ba za a daɗe ba za ku ga ana ƙwanƙwasa ta daga ƙasashen da ba ku taɓa zuwa ba, ana gwada sunaye da kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Ku buɗe littafi ku riƙa rubuta sa'a, da adireshi, da abin da baƙon ya nema, kamar yadda Stoll ya yi, abin da kuka ga ya saɓa wa al'ada kuma ku miƙa shi ta hannun malamanku ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro.